Ma'aikatan jinya suna zuwa aiki amma hankalinsu na gida: daga ina za a fara gyara?

Alhaji Sa'idu, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ma'aikata. Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a nan Garwa, arewacin Kamaru, ma'aikata 22 gaba ɗaya. Nas 7 ne ke riƙe da ɗakin kwanciya da ɗakin haihuwa dare da rana, kowane ɗaki mutum ɗaya a kowane lokaci. Biyar mata ne, biyu maza, duk masu iyali. Albashinsu bai gaza na asibitoci irinsa ba. Amma tun shigowar damina abin ya sauya: makara ta yi yawa, neman izini kusan kullum, waya ba ta barin hannu, kuma ba mai son tsayawa minti goma ya miƙa aiki yadda ya kamata ga wanda zai karɓe shi. Biyu daga cikin mafi ƙwazo sun fara cigiyar wani wurin. In an tambaya amsa ɗaya ce, wai matsalar gida. Ana shawarar a fara cire jaka ɗaya, wato sefa dubu, daga albashi duk ranar da mutum ya makara. Tambayata: gidan ne ke cinye aikin ko aikin ne ke cinye gidan, kuma me ya kamata a fara taɓawa?

Malam Umaru, Marwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar cire jaka ɗin nan a ajiye ta tukuna. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta hana mai aiki ya ci ma'aikaci tara. Hukuncin da ta yarda ya taɓa albashi shi ne dakatarwa, wadda ba za ta wuce kwana 8 na aiki ba, ita ma sai a rubuce. Duk wadda aka cire wa kuɗi da sunan tara, ta je ofishin sufeton ƙwadago, ita ce da gaskiya.

Yanzu ɗauki alƙalami mu yi lissafi, don ina ganin amsarka tana cikin lambobin da ka bayar. Mako yana da awa 168. Ɗaki biyu da ba a rufewa, awa 336 ke nan. Raba wa mutum 7, kowa ya tashi da awa 48 a mako, kuma wannan in ba wanda ya yi ciwo, ba wanda ya tafi hutu. Doka ta sa awa 40. Ƙa'idar da ta biyo baya a 1995 ta yarda asibitoci su ƙirga awa 45 na zama a wurin aiki a matsayin 40, saboda akwai lokutan jira. Ko da wannan ma'aunin, mutum 7 awa 315 kawai za su rufe, saura 21 ba mai su. Sannan kowa yana da hutun shekara, kwana ɗaya da rabi kan kowane watan aiki, kwana 18 ke nan, wato mako uku. Mutum bakwai sau mako uku, mako 21 a shekara mutum 6 ne a fage. A waɗannan makonni kowa awa 56 yake yi. To ina mai awa 56 zai sami lokacin kai yaro makaranta, cefane, jinyar uwa, gaisuwar mutuwa? Abin da ake kira matsalar gida a asibitin nan, rabinsa giɓin mutum na takwas ne da ba a ɗauka ba.

Masana halayyar ma'aikata sun daɗe da rarrabe abin nan. Greenhaus da Beutell a 1985 sun kasa karon aiki da gida gida uku: na lokaci, inda awa ɗaya ake nemanka wuri biyu, na gajiya, inda ka iso gida amma ba abin da ya rage a jikinka, da na hali, inda muryar da kake ba da umarni da ita a aiki ka shigo da ita tsakar gida. Meyer da Allen kuma a 1991 suka nuna cewa abin da ke riƙe mutum a wurin aiki iri uku ne. Akwai mai zama don yana son wurin, akwai mai zama don yana jin nauyin alherin da aka yi masa, akwai mai zama don in ya bari ba shi da madafa. Wanda karon aiki da gida ke fara kashewa shi ne na farko. Na ukun ba ya motsi, musamman a garuruwanmu da aikin albashi ke wuya. Shi ya sa mai asibiti ke ruɗuwa: yana ganin ba wanda ya tafi, sai ya ɗauka lafiya lau. Alhali mutum yana nan ne don bashi da kuɗin haya. Ga alamominsa, wasu ma ka lissafa su da bakinka: ba ya miƙa aiki da kyau, ba ya faɗin kuskuren da ya gani, ba ya koya wa sabo, ƙarfe na bugawa ya ɗauki jakarsa. A ɗakin haihuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a minti goman miƙa aikin nan ake faɗin wadda jininta ya hau da wadda aka ba allura ƙarfe nawa.

Kuma ka lura da waɗanda ke cigiya. Mafi ƙwazo ne, don su ne ke da inda za su. Tara ba za ta riƙe su ba, hanzarta su za ta yi.

Hajiya Maryam, Ngaundere:

Malam Umaru ya faɗi yawan awa, ni bari in faɗi yadda awannin ke faɗowa, don sau da yawa wannan ya fi yawan ciwo.

Abin da ke karya mace mai aikin jinya shi ne rashin sanin gobe. Wadda ta san tun farkon wata cewa ranar 12 da 16 da 20 za ta kwana a asibiti, ta san ranar da za ta kira ƙanwarta ta kwana da yara, ta yi miya ta kwana biyu, ta gaya wa maigida, ta shirya da ɗan moton da zai kai ta. Wadda kuwa aka kira da la'asar aka ce yau ke ce da dare, duk wannan sai ta yi shi cikin awa uku, kuma da roƙo. Sau ɗaya, sau biyu, a na biyar ƙanwar ta gaji, maigida ya fara cewa wannan aikin sai an sake dubawa. Don haka Alhaji, abu na farko da bai cin ko dala: a lika jadawalin wata mai zuwa tun ranar 20 ga wannan watan, kuma ba mai canja shi sai da yardar wanda abin ya shafa.

Sai wani abu da ba a cika faɗinsa a ofis ba don kunya. Yawancin ƙananan asibitoci zagayen kwana huɗu suke bi: safe, yamma, dare, hutu. Gidan da ke da mata biyu kuwa, girki kwana biyu-biyu ne, shi ma zagayen kwana huɗu. Ka ga sun yi daidai ke nan. Namijin da aikin darensa ya faɗa kan kwanan uwargida, haka zai yi ta faɗawa a kanta wata da watanni, amarya ba ta taɓa rasa nata ba. Macen da ke da kishiya kuma, in daren aikinta ya haɗu da girkinta, kullum ita ce mai ba da kwana ko mai neman musanya. Rigimar da wannan ke haifarwa ba wanda zai zo ya gaya maka ita, sai dai ka ga mutum ya iso da safe ido jawur yana faɗa da majinyata. Gyaransa: duk ƙarshen wata a matsar da layin kowa da kwana biyu, mai layi na ɗaya ya musanya da na uku, na biyu da na huɗu. Inda ma'aikata suka isa a yi zagayen kwana biyar, abin da kansa yake juyawa.

Kuma ranar da ake kira hutu a zagayen nan ba hutu ba ce. Wadda ta sauka ƙarfe bakwai na safe bayan awa goma sha ɗaya a tsaye, ta tarar da wanke-wanke da ɗiban ruwa da abincin rana. A watan Maris da Afrilu na Garwa, da zafi ke haura digiri 40, barcin rana ma ba ya yiwuwa. In wannan ranar ce kuma ake kiranta ta toshe giɓi, to an gama da ita.

Maganar masu jego. Doka ta ba mai ciki mako 14, huɗu kafin haihuwa, goma bayanta, ana iya ƙara shida in likita ya tabbatar da rashin lafiya, kuma ba a sallamarta a cikin hutun. Mako goma kwana 70 ne, wato wata ɗaya kacal bayan arba'in ta dawo. Amma ita ce kuma ke tsayawa gaban masu awo tana ce musu nono zalla har wata shida. Doka ta ba ta awa ɗaya a kowace ranar aiki don shayarwa har yaro ya kai wata 15. Awa ɗayan nan ba ta da amfani in gidanta na can wata unguwa, zuwa da dawowa a moto sun cinye ta. Hanya biyu ce ke aiki: ko a haɗe awar ta tashi da wuri, ko a ware ɗaki ɗaya mai tabarma da fanka da randa inda mai raino za ta zauna da jaririn. Na biyun ya fi, kuma asibiti ya fi kowane wurin aiki sauƙin yinsa. A cire ta daga aikin dare aƙalla har yaro ya fara cin abinci. Ka kuma sani, Alhaji, a cikin watanni 15 ɗin nan doka ta ba ta damar ajiye aiki ba tare da sanarwa ba. Wadda aka matsa wa, ranar Litinin kawai za ka ga ba ta zo ba, kuma ba abin da za ka bi ta.

Alhaji Sa'idu, Garwa:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Lissafin ya shiga. Sai dai kuɗin ɗaukar ƙarin mutum uku da zagayen kwana biyar ke buƙata babu shi yanzu. Sannan ina tsoron in aka buɗe ƙofar izini, da yawan suna da biki da rasuwa a garin nan, wata rana a wayi gari ba kowa a ɗakin haihuwa. Ya ake tsare wannan?

Malama Hadiza, Gider:

Alhaji, ƙofar a buɗe take yanzu ma, sai dai ba ta da ƙyaure. Izinin da ba shi da ƙa'ida, mai baki da mai kusanci da shugaba ne ke cin sa, mai kunya ta haɗiye ta yi ta ƙullata. Wannan ƙullatar ta fi rashin izinin kanta ɓarna.

Doka ta riga ta ba ka iyaka: izini na musamman don lamurran iyali, har kwana 10 a shekara, ana biya kuma ba a cire shi daga hutun shekara. Aikinka shi ne ka zauna da wakilin ma'aikata, wanda dole ne a zaɓe shi tunda kun kai mutum 20, ku duba yarjejeniyar da ta shafi sana'arku, ku rubuta wane lamari ne ke da kwana nawa, kuma na wane dangi. Rasuwar uwa, uba, miji, mata ko ɗa daban take da ta maƙwabci. Haihuwar matar ma'aikaci a bar shi ya zaɓa tsakanin ranar haihuwa da ranar suna, don yawanci ranar bakwai ce aka fi nemansa. Abin da aka san ranarsa, kamar ɗaurin aure da sadakar arba'in, a faɗa mako biyu kafin lokaci, kuma ta hanyar musanya za a bi, ba izini ba.

Musanyar ita ce ginshiƙi. A ajiye littafi ɗaya a teburin majo, wato shugabar ma'aikatan jinya. Mai nema ta rubuta ranar da za ta bayar da ranar da za ta rama, mai karɓa ta sa hannu, majo ta sa nata, awa 48 kafin lokaci. Sharuɗɗa uku kawai: masu matsayi ɗaya ne ke musanya, kar ungozoma ta bar ɗakin haihuwa a hannun wanda bai iya ba, ba mai yin dare biyu a jere ya wuce da safe, kuma a rama cikin watan. Inda ake kuskure shi ne a bar musanya ta baki. Ranar da aka samu saɓani ɗaki ya kwana ba kowa, sai shugaba ya fusata ya hana musanya gaba ɗaya, a koma gidan jiya.

Takaba kuwa, wata huɗu da kwana goma, ba ta cikin kwana goman nan. Kar a jira sai ta faru. A rubuta tun yanzu: nawa za a ɗauka daga hutun shekara, nawa ba albashi, da zaɓin ta dawo aikin rana kawai in ita da malamanta sun ga hakan. Ma'aikata na kallon yadda aka yi wa 'yar'uwarsu a irin wannan rana fiye da yadda kake zato.

Game da kuɗi, ba uku za ka fara ɗauka ba, ɗaya ne. Mutum na takwas shi ke rufe zagayen kwana huɗun, kowa ya dawo awa 42. Ka kwatanta albashinsa da abin da doka ta ɗora maka na ƙarin awa, wanda ake biya da ƙarin kashi 20 cikin ɗari kan awa takwas na farko, kashi 30 kan takwas na biyu. Za ka ga tazarar ba ta kai yadda kake tsoro ba. Lokacin hutun haihuwa kuma, in an yi wa ma'aikaciya rajista a CNPS, hukumar fansho da walwalar ma'aikata ta ƙasa, ana zuba mata, su ne ke biyanta kuɗin hutun. Albashinta da ya rage a hannunka shi za ka ɗauki mai riƙon ƙwarya da shi, da kwantiragin wucin gadi. Yawancin masu ɗaukar ma'aikata suna riƙe kuɗin su raba aikinta wa sauran, sai duka ɗakin ya tsani cikin kowa. A fara haɗa takardun CNPS tun ciki na wata shida, don in kuɗin ya yi jinkiri mai jego ce ke dawowa kafin lokaci.

Hutun shekara a tsara shi tun Janairu, a kauce wa Agusta zuwa Oktoba. Lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje a arewa, kuma lokacin ne 'ya'yan ma'aikatan su ma ke kwanciya. Ba mamaki abin naku ya fara da damina. Ka tuna uwa tana da ƙarin kwana 2 na hutu kan kowane ɗa da bai kai shekara 6 ba, a sa shi cikin lissafi tun farko.

Malam Abba, Kusiri:

Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ina da ja a wuri ɗaya. Ana magana kamar jadawali ne kaɗai. Alhaji ya ce albashi bai gaza na wasu ba, bai faɗi ranar da yake fita ba. Doka ta ce kar ya wuce kwana 8 bayan ƙarshen wata. Albashin da yau ya fita ranar 5, gobe ranar 17, shi ma karon aiki da gida ne, don mai haya da mai kanti da adashi ba su san uzuri ba, kuma wayar da ake gani a hannun nas sau da yawa masu bin bashi ne. Ƙaramin albashi mai tsayayyar rana ya fi riƙe mutum kan babba mai yawo. A watan Satumba na komawa makaranta da gabanin sallar layya, a buɗe bashin albashi mai ƙa'ida: kar ya wuce rabin albashi, a cire cikin wata uku, kowa yana da haƙƙi iri ɗaya. A kuma tabbata kowa yana karɓar kuɗin yara na CNPS, wanda ya koma sefa 4,500 kan kowane yaro a wata tun 2024. Da yawa ba sa karɓa don takardar haihuwa ko ta makaranta ba ta cika ba, aikin yini ɗaya ne ga akawu ya bi musu.

Na biyu, majo. Duk ƙa'idar da Malama Hadiza ta zayyana a hannunta za ta rayu ko ta mutu. In mace ta ce ɗanta na suma da zazzaɓi, aka amsa mata da "mu ma muna da yara", ko an ba ta izinin daga baya an riga an yi asarar ta. Binciken da aka tattara a wannan fanni, ko da yake yawancinsa a Amurka da Turai aka yi shi, ya nuna abin da mu ma muke gani: in aiki ne ya shiga haƙƙin gida, wurin aikin mutum ke ɗora wa laifi, can zuciyarsa ke fara janyewa, kuma goyon bayan shugaba na kusa yana rage abin sosai. A koya wa majo ta fara da tambayar jikin yaron, sannan ta buɗe littafi a nemi mai karɓa.

Kuma kar a ɗauka mazan biyu ba su da nasu. Namiji ba zai ce yana neman izini don kai uwarsa asibiti a garin Pitowa ko don noman gonarsa ba, sai dai ya makara ya ce moto ce ta lalace.

Kafin ka canja komai, Alhaji, ka samu ma'auni. Ɗauki rajistar watanni uku da suka wuce, ka fitar da makara da fashi na kowa, kowanne da ranarsa da irin aikin da ya gabace shi. In yawancin makarar ta safe ce tsakanin bakwai da takwas, kai yara makaranta ne, tunda bakwai da rabi ake shiga aji. Matsar da karɓar aiki zuwa ƙarfe takwas, a matsar da shigar mai dare da awa ɗaya ita ma don kar darenta ya ƙara tsawo. In ta bayan kiran gaggawa ce, giɓin mutum na takwas ne. In ta taru a makon da albashi ya yi jinkiri, ka san inda za ka. In kuma mutum ɗaya ne ke da rabinta ba tare da wani tsari ba, wannan maganarsa daban ce, gargaɗi a rubuce za a bi. Bayan wata uku da sabon jadawali ka sake fitar da lissafin, ka ƙara da abu ɗaya: sau nawa aka kira wani ranar hutunsa. A azumi kuma a dawo da sauyin yamma baya, kar ya faɗa daidai shan ruwa, wadda za ta sauka ta isa gida kafin magariba.